Ƙwallon Malam Motsi

Ɗakin kimiyya shi ne na ƙarshe a jerin azuzuwan makarantar, jikin katanga. A bayan katangar shagon masu walda ne, injinsu ba ya hutawa daga safe har faɗuwar rana. Sauran malamai duk sun guji ɗakin saboda ƙara. Malam Motsi ya ce a bar masa, wai shi ƙara ba ta hana shi magana, ɗalibi kawai take hana wa barci.

Yara ne suka laƙa masa sunan tun gemunsa yana baƙi, har ya bi shi, har masu sayar da kaya a bakin ƙofar makaranta ba su san wani suna ba sai shi. Da safe ƙanana yake koyarwa, 'yan ajin farko na sakandare. Da yamma, in an tashe su, sai manya su shigo, waɗanda suka bar karatu tun da daɗewa suka kama sana'a, yanzu kuma suke neman takardar jarrabawa. Ɗaki ɗaya, bencina ɗaya. Manyan sai sun karkace suke zama, don gwiwoyinsu ba sa shiga ƙarƙashin benci.

Yana da ƙa'ida guda wadda duk wanda ya taɓa zama a gabansa ya sani. Ba ya rubuta doka a allo sai an gwada abin an gani. Ya gangara ƙwallo, ko ya ja amalanken katako da roba, sannan ya juyo ya nuna mutum da alli.

"Me idonka ya gani?"

In ɗalibi ya fara karanto abin da ya haddace, sai ya ɗaga masa hannu. "Ban tambaye ka littafi ba. Littafi ni ma ina da shi a gida. Idonka na tambaya."

To, idon Malam ɗin ne ya tafi. Ciwon suga ya daɗe yana cin sa a hankali, bana kuma ya zo da gaggawa. Taga yana ganin ta fari fat, ƙofa baƙa, mutum kuwa inuwa ce mai motsi. Abin da ke kan tebur ba ya ganin sa sam. Likita ya gaya masa ba dawowa zai yi ba. Bai faɗa wa kowa a makaranta ba. Ya san ɗakin kamar aljihunsa, ya san muryar kowane ɗalibi, hannunsa ya san allo. Takardun gwaji kuwa autarsa ce take karanta masa a gida, shi yana faɗin makin.

Ran da zai fara dokokin motsi da manya, Auta ta tare shi a bakin ƙofa tana shirin tafiya kantin maganin da take aiki.

"Baba, rigar nan a baibai ka sa ta."

"Yayi ne. Ke ba kya shiga gari."

Ba ta yi dariya ba. Ta taya shi cirewa, ta juya ta, ta saka masa maɓallai. "Baba, don Allah ka gaya wa Shugabar makaranta. Ka gaya mata da bakinka kafin wani abu ya faru."

"In gaya mata ta yi me? Ranar da na faɗa, ranar za a karɓe ajin. Doka ce, ba ita ta yi ta ba."

"To sai ka huta."

"In huta da wa? Ke kina kanti, mahaifiyarki tana kabari. In zauna ni da agogon bango muna sauraron juna?" Ya laluba jakarsa ya rataya. "Ki bari manyan nan su zana jarrabawarsu. Daga nan sai mu ga."

Bara ma haka ya ce mata, lokacin da idon hagu ya fara.

Da yamma suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa da warin aikinsa. Direba, mai jan babbar mota, wanda ya ba hamsin baya, a benci na gaba yake zama kullum, dab da teburin gwaji. Tela tana gefensa, da zare a maƙale jikin gyalenta. Kurtu, ɗan sanda mai neman ƙarin girma, yana can baya kusa da famfo. Sauran suka cika tsakiya.

A zangon da ya wuce, Direba shi ne gishirin ajin. Babu abin da Malam zai faɗa bai yi gardama ba. Ran da aka ce ƙarfe da takarda tare za su faɗo in babu iska, sai da ya miƙe tsaye. "Malam, da girmanka! Ni fa na yi lodin siminti na yi lodin katifa." Malam ya fi son wannan da komai. Yakan ce yaro duk abin da ka gaya masa zai karɓa, ko ka ce masa wata a rijiya yake kwana, amma babba sai ka fara rushe abin da ya gina a kansa kafin ka aza naka, kuma ba ka sanin inda ginin yake sai ya yi gardama. A wannan zangon kuwa Direba ya yi sanyi. Malam ya ɗauka gajiyar hanya ce.

Ya ciro ƙwallon daga jaka, wani tsohon ƙwallon roba da ya koɗe. Ya shafa teburin da tafin hannu. Ba teburinsa na da ba ne. A hutu aka ɗauke nasa aka kai ofis, aka kawo masa wannan daga sito, mai santsin sama.

"Yau za mu fara da abin da ya fi kowane sauƙi," ya ce. "Sauƙinsa ne ma ya sa mutane suka yi dubban shekaru ba su gane shi ba. Ku sa ido."

Ya ajiye ƙwallon a tsakiyar tebur, ya ɗauke hannu, ya ja da baya har ya jingina da allo.

"Kada kowa ya taɓa. Kada kowa ya hura. Kurtu, kada ka kama shi, bai yi laifi ba."

Aka yi 'yar dariya. Ƙwallon ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya fara mirginawa a hankali, ya nufi gefen da Direba yake. Injin walda yana ta ruri a bayan katanga. Ajin ya yi tsit, kowa yana bin ƙwallon da ido. Malam yana tsaye yana murmushi, fuskarsa tana kallon tsakiyar tebur, inda babu komai. Da ƙwallon ya iso baki, Direba ya tara hannu ya amshe shi. Ya miƙa dogon hannunsa ya mayar da shi tsakiya, ya riƙe shi da ɗan yatsa ɗaya.

"To," in ji Malam. "Tela, me idonki ya gani?"

Tela ta dubi Direba. Ya kaɗa mata kai.

"Yana nan inda ka ajiye shi, Malam."

"Ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"Kurtu?"

"Yana tsaye ƙyam, yallaɓai, kamar mai gadin banki."

"Madalla. In muka tafi gida muka dawo gobe fa?"

"Nan za mu same shi," suka haɗa baki.

Ya juya ya rubuta a allo: abin da yake tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da yake tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da saurinsa, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Layin ya fara daga sama ya gangaro har ya kusa taɓa katakon ƙasa. Suka kwafa. Ya tsaya yana jira, allin a hannu.

"Direba, yau babu gardama? Na ce abu mai tafiya ba zai tsaya da kansa ba. Kai da kake ɗaga ƙafa daga totur mota ta tsaya, ka yarda haka kawai?"

"Na yarda, Malam."

"Ikon Allah. Lafiya kuwa?"

"Girma ne ya zo."

"Matarsa ce ta ƙwace bakin," in ji Tela. "A gida ake ƙarar da shi, ba ya kawo mana ko saura."

Dariyar ta yi ƙarfi fiye da yadda maganar ta kai. Malam ya taya su, amma har ya koma gida yana juya rashin gardamar Direba a ransa.

Washegari da safe darasin ƙanana ne, doka ɗaya, ƙwallo ɗaya. Su ba sa shigowa, faɗowa suke yi, ana ture-ture ana rigimar wurin zama. Sai da Monita ya buga benci da rula kafin aka ji muryar Malam. Ya ajiye ƙwallon a tsakiyar tebur, ya ja da baya.

"Kada kowa ya taɓa. Ku gaya mini abin da..."

"Malam, yana tafiya!"

Wata 'yar ƙaramar yarinya ce da ake kira Mai Giɓi, mai zama a gaba don ba ta hango allo daga baya.

"Me yake tafiya?"

"Ƙwallon! Ga shi can, ga shi can, zai faɗi!"

Ajin ya kaure da ihu. Sai ya ji shi: tim, tim, tim, a kan siminti, ya gangara ƙarƙashin bencina, yara suna rububin kama shi.

"Wa ya hura?"

"Babu!"

"Wa ya girgiza teburin? Monita?"

"Wallahi babu wanda ya taɓa, Malam. Da kansa ya tashi."

Aka sa masa ƙwallon a hannu. Ya mayar da shi tsakiya, wannan karon ya zagaya ya tara tafinsa a bakin teburin, ɓangaren benci na gaba. Ya jira. Can sai ya ji robar ta taɓa hannunsa a hankali. Ya tsaya riƙe da shi. A daidai wurin nan Direba yake zama.

Yara suna jira. Ya ɗaga ƙwallon sama.

"To, ga magana. Na zo in gaya muku abin da yake tsaye ba ya tashi sai an taɓa shi. Ga shi ya tashi. Ko dai ni maƙaryaci ne, ko kuwa akwai wanda ya taɓa shi ba mu gan shi ba. Wanne ne?"

"Aljani ne!" wani ya ce daga baya.

"Aljanin ya biya kuɗin makaranta? Ku nemo mini shi."

Suka bazu. Wasu suka ce fanka ce, aka kashe fanka, ƙwallon ya sake tafiya. Wasu suka ce injin walda ne yake girgiza ƙasa, aka ajiye ƙwallon a kan siminti, ya zauna daram. Mai Giɓi ta rarrafa ƙarƙashin teburin, ta daɗe, sannan muryarta ta fito daga can.

"Malam, ƙafafun nan biyu an yanke su! Sun fi sauran gajarta!"

Ya sa aka ɗebo ruwa a faranti aka aza a kan teburin. Suka ga ruwan ya taru a gefe ɗaya. Ya tambaye su wa yake jan ruwan zuwa can, wa yake jan ƙwallon, wa yake jan su in suka yi tsalle. Kafin a kaɗa ƙararrawa, su da bakinsu suka ce ƙasa ce, kuma tun farko tana jan ƙwallon, teburin ne kawai ya karkace ya ba ta hanya. Ya daɗe bai yi darasi mai daɗin wannan ba. Har zufa ya yi.

Suna tattara littattafai, Mai Giɓi ta tsaya a gabansa.

"Malam, kai ba ka ga lokacin da ya fara tafiya ba?"

"Ke, yi shiru!" in ji Monita.

"Ƙyale ta." Ya ɗan sunkuyo wajen muryar. "Ban gani ba, 'yata."

"Ai mun sani," ta ce, ba tare da wata damuwa ba. "Kullum in kana yi wa Monita magana, ƙofa kake kallo." Ta ɗauki jakarta ta ruga ta bi sauran.

Bai je ɗakin malamai ba ranar. Ya zauna a kujerarsa har rana ta karkata, abincin da Auta ta sa masa a jaka bai buɗe ba.

Da manya suka shigo, suka same shi a tsaye, ƙwallon a hannu. Ya amsa gaisuwa a taƙaice.

"Za mu maimaita na jiya. Direba, tashi ka koma baya kusa da Kurtu."

"Malam, ai daga baya ba na..."

"Koma."

Benci ya yi ƙara. Malam ya ajiye ƙwallon, ya ja da baya, ya harɗe hannuwa. Babu wanda ya yi tari. Ƙwallon ya yi tafiyarsa, ya faɗo, ya yi tsalle a siminti har ya gaji. Babu wanda ya tashi ɗauko shi.

"Tela, me idonki ya gani?"

Tela ta kama wasa da zaren gyalenta.

"Da ke nake, 'yar'uwa."

"Ya faɗi, Malam."

"Jiya fa?"

"Jiya ma ya tafi," in ji Direba daga baya, muryarsa a dushe. "Ni na tare shi. Ni na ce kowa ya yi shiru. In akwai laifi nawa ne, kada ka ga na kowa."

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun makon farko na zangon nan. Ka miƙa wa Kurtu alli, alhali Kurtu bai zo ba ranar."

Malam ya laluba bayansa ya sami kujera ya zauna. "Sai kuka yi taro a kaina."

"Ba taro ba ne, Malam," in ji Tela. "A bakin ƙofa muka tsaya muka yi magana. Muka ce in Shugaba ta ji, za a kawo mana wani yaro ya riƙa karanta mana littafi. Mu kai muke so. Kuma mun ga kai ma ba ka so a sani. To mene ne namu na tona maka asiri?"

"Me kuma kuka yi mini ban sani ba? Ku faɗa duka."

Suka yi ta jan ƙafa, sannan abin ya fara fitowa. Wani yana zuwa da wuri ya kawar da bencina daga hanyarsa. Wani yana goge allo a ɓoye, don sau da yawa yakan yi rubutu a kan rubutu. In ba su iya karanta abin da ya rubuta ba, sai su ce sun kwafa, in an tashi su duba littafi.

"Gardamar fa, Direba?"

"In na yi gardama sai ka ce in zo in nuna maka a tebur. In na nuna maka kuma..." Bai ƙarasa ba.

"Yau da safe," Malam ya ce, "yara sun ga abin da kuka gani jiya. Suka yi ihu. Suka shiga ƙarƙashin teburin nan suka gano ƙafafunsa ba daidai suke ba. Yanzu yarinyar da ba ta kai kafaɗar Tela ba ta san dalilin da ya sa ƙwallon nan ya tafi. Ku fa? Kun gan shi yana tafiya da idonku, kuka rubuta cewa abin da yake tsaye ba ya tashi, kuka tafi gida. A cikinku wa ya tambayi kansa me ya tura shi?"

Kowa ya sunkuyar da kai kan littafinsa.

"Wato kun rubuta abin da ba ku yarda da shi ba."

"Don kai muka yi, Malam," in ji Kurtu.

"Na sani. Shi ya sa ma ya fi ciwo." Ya shafa fuskarsa. "Abu ɗaya nake koyarwa a ɗakin nan tun kafin a haifi wasunku: mutum ya faɗi abin da idonsa ya gani. Sauran duk suna cikin littafi."

Direba ya taso ya dawo gaba, ya durƙusa a gefen kujerar, babban mutum da furfura a gemu. "Malam, ka yafe mana. Daga yau wallahi duk abin da muka gani za mu faɗa. In ka yi rubutu a karkace za mu ce a karkace yake. Gardama kuwa, sai ka gaji da ni. Mu ne idonka. Jarrabawar nan saura kaɗan, ka ƙarasa da mu."

Malam ya aza hannu a kafaɗarsa. Ya so ya yarda. Har ya fara lissafa yadda za a yi: Tela ta riƙa rubutu a allo, Direba ya riƙa gwaji, shi yana tambaya.

"Shi ke nan abin da kuka ɓoye? Babu saura?"

"Akwai na wuta," in ji Tela a hankali.

"Ke kuma!" Direba ya juya mata.

"Yanzu ka rantse za mu faɗi gaskiya, ko ba yanzu ba?" Ta gyara gyalenta. "Malam, ran da ka tafasa mana ruwa a kan murhun gas, ka murɗa ka ce ka kashe. Ba ka kashe ba, ragewa ka yi. Ka tsaya kana bayani, hannun rigarka yana lilo a kan wutar. Kurtu ne ya lallaɓo ta bayanka ya kashe. Ni ranar ban yi barci ba."

Hannun Malam ya sauka daga kafaɗar Direba.

"Wannan gwajin," ya ce, "na yi wa yara shi da safen ranar."

Ya juya fuskarsa wajensu.

"Su wa ya kashe musu?"

Injin walda ya tsaya, kamar yadda yakan yi in sun canja ƙarfe, ɗakin ya yi wani irin shiru. Malam ya yi ƙoƙarin tuna safiyar. Ya tuna yara sun kewaye teburin, suna turereniya don su ga tururi, kawunansu dab da hannunsa, 'yan mata da gyale. Bai iya tuna ko ya kashe ba. Ya dai tuna ya murɗa.

Ya miƙe. "Ku buɗe shafin doka ta biyu ku karanta. Ina zuwa."

"Malam, ina za ka?"

"Ofis."

"Malam, don girman Allah..."

"Zauna, Direba."

Shugaba ba ta tafi gida ba tukuna. Ita ma ɗalibarsa ce a da, a ɗakin nan na jikin katanga ta zauna tana yarinya, kuma har yau ba ta iya zama in yana tsaye. Ta taso ta jawo masa kujera.

"Baba Malam, da kanka? Ai da ka aiko na zo."

"Na zo in gaya miki ba na gani."

Ta koma ta zauna a hankali. Ya ji tana jujjuya biro a kan tebur.

"Na sani, Baba Malam."

"Ke ma?"

"Tun bara nake zargi. Bana na tabbatar. Na gaishe ka a baranda ka amsa wa bango." Ta ajiye biron. "Na ce muddin ba ka faɗa ba, ni ban ji ba. Na sa Monita ya riƙa lura da gas, kullum in an tashi ya zo ya gaya mini. Ranar tafasa ruwa shi ya kashe."

Ya sauke numfashi mai tsawo. "Yaro ɗan shekara goma sha biyu kika sa ya yi gadina."

"Ban san yadda zan yi ba. Kai ka koya mini riƙe alli."

"To yanzu na faɗa, kin kuma ji."

"Baba Malam, ka san in na rubuta wa ma'aikatar ilimi, ba ni da ikon..."

"Na sani. Rubuta."

Ta roƙe shi ya bari zuwa ƙarshen zango, a rufe gas ɗin da kwaɗo, a ba shi mataimaki. Ya tambaye ta ko akwai mataimakin. Babu. Ya tambaye ta ko za ta bar 'yarta a ajin makaho da kwalabe da wuta. Ta jawo takarda gabanta. Ya ciro makullin ɗakin kimiyya daga aljihu ya ajiye, ya ji ya faɗa a kan takardu. Abin da ya roƙa ɗaya ne, wanda za a kawo wa manyan ya kasance mai haƙuri, don sun daɗe rabonsu da benci kuma suna jin kunyar tambaya.

Direba ne ya kai shi gida a babbar motarsa. Sai da mutum biyu suka taimaka ya hau. Da suka iso ƙofar gida Direba ya ce, "Malam, da ma mun yi shiru da maganar wutar nan."

"Da kun yi shiru, da na ci gaba," in ji Malam. "Gaishe da iyali."

Auta ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta karɓi jakar, ta ga abincin yadda ta sa shi, ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Ranar Litinin ta fito da shirin kanti ta same shi a kan benci a ƙofar gida, ya yi wanka, ya sa takalmi, hula a kai.

"Baba, ina zuwa?"

"Babu. Na tashi ne kawai, sai na ga na shirya."

"In dawo da rana in duba ka?"

"Ki duba me? Je ki, kada ki makara."

Ya ji takunta ya yi nisa. Titi ya cika da 'yan makaranta, ana kiran juna, ana guje-guje. A hankali suka ragu. Can sai ya ji wani ya taho a makare, yana kora tsohuwar tayar keke da sanda, kaf, kaf, kaf. Tayar ta zo daidai ƙofar gidan ta yi tangaɗi ta kife.

"Kai, yaro," Malam ya ce, ya ɗan miƙe zaune. "Zo nan. Da ka daina bugun ta, me ka ga ta yi kafin ta faɗi?"

Yaron ya ɗauki tayarsa.

"Baba, na makara," ya ce, ya ruga.

Malam ya bi ƙarar da kunne har ta sha kwana. Ya gyara zaman hularsa, ya aza hannuwa a gwiwa. Rana ta fara hawa bencin, bai matsa ba.